Layi Biyu da Malam Halidu Ya Soke

Sha biyu da ɗigo tamanin Rahma ta samu a bak, jarrabawar gama sakandare. Bisa ashirin ake ƙirgawa, kuma a makarantarsu ta lise da ke Dakoro a waccan shekara mutum uku kaɗai suka fi ta. Takardar jami'a da aka liƙa a bangon ofishin sansar, mai tambari da sa hannu, ta ce duk mai son karatun likita sai yana da mwayen, wato matsakaicin maki, na sha biyu. Rahma ta karanta takardar nan har ta haddace ta. Har wurin da feshin ruwa ya cinye harafi biyu ta sani.

Sansar ɗin, wato mataimakin shugaban makaranta, Malam Halidu, shi ke karɓar dosiye, takardun neman jami'a na ɗaliban da suka ci, ya duba, ya buga tampo, hatimin makaranta, ya aika. A takardar cikewa akwai layi uku, zaɓi na ɗaya da na biyu da na uku. To Malam Halidu yana da wata al'ada da yake alfahari da ita. In ɗalibi ya haye makin da ke rubuce a bango, ba ya barinsa ya cika layi na biyu da na uku. Sai ya ɗauko regil na ja layi da jan bik, wato biro, ya soke su. A cewarsa, mutanen can in suka ga ka rubuta zaɓi na biyu, sun gane kai ma ba ka yarda da kanka ba, sai su jefa ka can su ba wani gurbinka. Haka ya yi wa Rahma. Ita kuwa har rusunawa ta yi ta gode masa.

Da sunaye suka fito, babu nata. Ba a likita ba, ba a ko'ina ba, tunda ba ta nemi ko'ina ba. Waɗanda take koya wa lissafi a gindin dalbejiya, masu goma da hamsin da masu sha ɗaya, duk sun samu inda za su. Ta je ofishin Malam Halidu. Ta tarar da shi da wasu malamai biyu suna shan shayi.

"Malam, sunana bai hito ba."

Bai ko ajiye kofin ba. "To mi kike so in yi miki? Takarda ta ce sha biyu, kina da sha biyu. In ba a ɗauke ki ba, wani abu kika ɓata wajen cikawa. Ku 'yan daji haka kuke, ko sunan ubanku ba ku iya rubuta shi iri ɗaya sau biyu."

Malaman nan suka yi dariya, ba mai yawa ba, amma ta ji.

Abin da Malam bai sani ba, mahaifinta Intalla ya riga ya yanka akuya a Tagris, ya tara dangi, ya ce ɗiyarsa za ta zama likita. Mutumin da ba ya yawan magana, ranar har ya yi jawabi. Rahma ta kasa komawa gida ta dubi idonsa. Ta zauna a Dakoro wajen ƙanwarsa, Goggo Sharifa, mai yin cuku. Shekara guda tana tace kindirmo, tana shimfiɗa cuku a kan tabarmar kaba, tana korar ƙuda. Matan unguwa in sun zo saye sai su ce, "Dokta, a zaɓo mana mai kauri." Ta zaɓo musu tana murmushi. A cikinta kuwa abu ɗaya take maimaitawa: sai Malam Halidu ya ɗanɗana abin da ubanta ya ɗanɗana. Ba ta san ta yaya ba tukuna.

Rahma ba mai faɗa ba ce. In aka ɗaga mata murya ma harshenta sarƙewa yake. Abin da ta iya shi ne tambaya da rubutawa. Ta sami lambar wata Haula, 'yar Ajekoriya da ke shekara ta uku a karatun likita, ta tambaye ta da nawa aka ɗauke ta. Sha huɗu da ashirin. Haula ta ba ta lambar wasu, waɗancan suka ba ta ta wasu. Duk wanda ta samu, tambaya uku take masa: nawa ka samu, me ka nema, ina aka kai ka. Ta sayi kaye, littafin rubutu mai shafi ɗari, ta riƙa jerawa shekara shekara.

Kafin damina ta sake zagayowa tana da mutum tamanin da bakwai a kayen. Abin da ta gani ya sa ta zauna jugum rabin yini. A shekara biyar, babu ko mutum ɗaya da aka ɗauka likita da ƙasa da sha uku da saba'in da biyar. Sha biyun nan da ke bango izinin ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa, daga sama ake fara ɗiba har a cika, inda aka tsaya nan ne makin gaskiya, kuma wannan ba a liƙa shi a bangon kowa. Wanda bai samu zaɓin farko ba a duba masa na biyu. Wanda aka soke wa na biyu kuwa, a ajiye dosiyensa gefe. Ta kuma gano ba ita ce ta farko ba. Mutum huɗu jan bik ɗin Malam ya zaunar kafin ita, kuma kowanne an ce masa shi ya ɓata takardarsa. Ɗaya yana sayar da taya a Maradi yanzu.

Sai sakamakon bak na bana ya fito. Sa'adiyya, ɗiyar Malam Halidu ta fari, ta samu sha biyu da sittin da biyar. Tun kafin la'asar gari ya ɗauka cewa sansar ya ce ɗiyarsa likita za ta yi. Rahma tana juya cuku ta ji labarin, sai ta ajiye shi ta ɗauko kayenta.

Kwana goma aka bayar na kai dosiye. A kwanakin nan Rahma ta bi sababbin masu bak gida gida, da kayenta a cikin hijabi. Tana jin kunyar sallama a gidan da ba ta sani ba, amma ta yi. Kowa ta buɗe masa shafin da ya shafe shi, ta ce, "Ka cika layi ukun nan da bik tun a gida, kahin ka kai mishi. In ya ga an rubuta, ba ya iya sokewa. In ya yi hwaɗa, ka ce babanka ya sa ka." Sannan ta ƙara da cewa kada maganar ta kai gidan Malam, don in ya ji zai iya ƙin buga musu tampo. Tsoron tampo ya rufe bakin kowa. Gida ashirin da shida ta shiga. Gida ɗaya ta wuce ta ƙofarsa sau uku ba ta ko waiwaya ba.

Goggo Sharifa ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata wayo.

"Ke Rahma, zo nan. Ɗiyar sansar hwa? Kin je mata?"

"Tana da uba mai ilimi, Goggo."

"Kar ki maida ni sakarya. Uban ya yi miki, ba ita ba. Yarinyar nan in ta gan ni a kasuwa har ƙasa take gaishe ni."

"Ni ma har ƙasa na gaishe shi ranar da ya soke min."

"To ki je ki zage shi mana! Ki tara mishi mutane. Ni zan raka ki, bakina ya hi naki."

"In na zage shi, kwana biyu ya manta. Baba har yau bai koma zaman majalisa ba."

Goggo ta ce, "Shiru-shirun nan naku, Allah Ya raba mu da shi." Ta koma kan ƙwaryarta.

Ranar ƙarshe Rahma ta kai nata dosiyen, don mai bak ɗin bara yana da damar sake nema. Ta cire likita daga ranta, ta rubuta kiwon dabbobi a layin farko, noma a na biyu, koyarwa a na uku. Ofishin cike yake. Malam Halidu ransa a ɓace, tun safe yake ganin takardu cike da layi uku uku, ya rasa wanda ya zuga yaran.

"A'a, Dokta ce da kanta," in ji shi. Ya ɗaga takardarta sama don kowa ya gani. "Kiwo! To ai gara, an koma gado. Ku duba, layi uku kamar mai roƙo a tasha. Bana duk kun zama matsorata. Sa'adiyya, kawo taki su ga yadda mai yarda da kai ke yi."

Sa'adiyya ta matso daga bakin taga. Siririya ce, mai yawan sunkuyar da kai. Ta ajiye takardarta a tebur. Layin farko an rubuta likita da kyakkyawan rubutu, sauran biyun fari fat. Malam ya jawo regil.

Kafin ya ɗora, yarinyar ta juyo ta dubi Rahma, ta yi ƙasa da murya. "Yaya Rahma, ke da kika taɓa yi. Ba komi ko, in an bar su haka?"

Kayen yana nan a hammatar Rahma, cikin hijabi, har gumi ya jiƙa bangonsa. Shafi na tara, na masu neman likita, kawai za ta buɗe. Ɗaliban da ke ofishin, waɗanda duk sun ga kayen, kowa ya kafa ido a ƙasa. Ta dubi yatsun Sa'adiyya da ke murza bakin mayafi, sannan ta dubi Malam, wanda ke jiran amsarta da murmushi a gefen baki.

"Malam ya hi ni sani," ta ce.

Jan bik ya bi regil sau biyu. Aka buga tampo. Da azahar aka ɗaure dosiyoyin cikin kwali, motar Maradi ta tafi da su.

Rahma ta bari kwana uku suka wuce, har ta tabbatar ta bakin Haula cewa an rufe karɓa can ma. Rana ta huɗu da hantsi ta kwafe shafi na tara a babbar takarda, da manyan baƙaƙe: shekara, makin da aka liƙa, makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka. A ƙasa ta jera mutum biyar da aka soke wa layi, da inda kowanne yake yau, nata sunan na biyar. Ta dama ɗan gari ta liƙa ta daidai ƙarƙashin takardar jami'a. Ba ta gudu ba. Ta koma gindin dalbejiya ta zauna.

Malam Halidu ya iso a kan babur, ya ga mutane sun taru a bangonsa. Ya kutsa yana faɗa. Ya karanta tsaye, ya kai hannu zai yage, sai hannun ya tsaya. Ya sake karantawa daga sama, yana bin lambobin da yatsa. Rahma tana kallon ƙeyarsa. Ta ga lokacin da yatsan ya tsaya a kan sha uku da saba'in da biyar ya ƙi gaba. Ya ciro waya ya kira wani, ya yi ta zagaya filin makaranta yana cewa, "Ko layi ɗaya a ƙara mata, don Allah, layi ɗaya." Daga yadda ya sauke wayar kowa ya san amsar.

Sai ya hango ta. Ya tako har gindin itacen.

"Tun yaushe kike da wannan?"

Ta miƙe, don ba a yi wa malami magana a zaune. Muryarta ta fito 'yar ƙarama. "Tun kahin bak, Malam."

"Kina tsaye a gabana. Ta tambaye ki. Da bakinta ta tambaye ki!"

"Ta tambaye ni."

Ɗalibai sun kewaye su, har da iyaye biyu da suka zo karɓar takarda. Ya juya ya shiga ofis ya turo ƙofa.

Bayan sati shida sunaye suka fito, gero ya riga ya fitar da kai. A likita an tsaya a sha huɗu cif. Cikin gida ashirin da shida da Rahma ta shiga, ashirin da huɗu sun samu gurbi, yawanci a zaɓi na biyu. Ita an ba ta kiwon dabbobi. Sunan Sa'adiyya bai fito a ko'ina ba. Aka ce Malam ya daina zama shan shayi da malamai, daga ofis sai gida.

Ranar tafiyarta, Goggo Sharifa ta ɗaure mata cuku ashirin a leda, ta raka ta tasha. Rahma ta samu wuri kusa da taga. Motar na jiran cikon mutum biyu sai ga Sa'adiyya ta fito daga wajen masu kayan miya, da kwano a hannu. Ta rame. Ta durƙusa ta gaida Goggo kamar kullum. Da ta ɗago, idonta ya faɗa cikin na Rahma ta gilashi. Ba ta harare ta ba, ba ta kuma kau da kai ba. Ta tsaya kawai tana kallonta.

Rahma ta so ta sunkuyar da kai, ta hana kanta. Ta riƙe kallon nan, hannunta damƙe da ledar cuku, har direba ya tada mota.