Rimot ɗin Dattijo

A gidan Dattijo ba a taɓa kallon fim daga farko har ƙarshe ba. Kowace Lahadi, bayan an taso daga sujada an ci abinci, sai a jeru a falo. Shi yana kan kujerarsa mai hannu, rimot a tafinsa, babban yatsa a ɗane. Finafinan masu bi ne fa, irin waɗanda ko ruwa za a sha sai an yi addu'a. Amma na yanzu sai sun cusa soyayya. Da zarar miji da mata sun shiga ɗaki sun turo ƙofa, Dattijo zai yi gyaran murya ya danna, fim ya ruga gaba. Mutanen cikin akwatin talabijin su yi ta zabure-zabure, kafin ka ƙifta ido ga su a majami'a riƙe da jariri.

"A ina suka samo shi?" Auta ta taɓa tambaya.

"Ubangiji ne ya ba su," in ji Dattijo.

Mama ta daɗe da daina gardama. Ta taɓa ce masa ai ma'aurata ne, ga zobe a hannunsu. Ya ce zobe ba ya rufe idon yara. Mutum ne da ikilisiya ta ɗora wa dattijantaka, shi kuma ya kwaso ta har falo.

Ana haka sai ga babbar 'yarsu, wadda har yanzu ake kira Amarya, ta dawo gida da akwati, aure ko shekara bai yi ba. Wai ta zubar wa mijinta Makaniki gwangwanin tsofaffin kusoshi, ya daka mata tsawa, ita ma ta yaɓa masa wadda ta fi tasa zafi. Mama ta ritsa ta a kicin ta ce ta koma su shirya.

"Mama, to yaya ake yi?" in ji Amarya. "Ke da Baba kuna faɗa a gabanmu, ku shiga ɗaki, da safe ku fito kuna dariya. Ban taɓa ganin tsakiyar ba. Na ɗauka da kansa yake wucewa. Na yi ta jira, bai wuce ba."

Mama ta dube ta. Ta san taurin kan yarinyar, na ubanta ne sak, kuma ta ji tsoron auren nan zai mutu a kan gwangwani.

Fim ɗin wannan makon Mama ta riga ta gan shi a gidan matar fasto, inda ba mai gyaran murya, don haka ta san abin da ke bayan ƙofar. Ran Lahadi ta aika aka kira Makaniki, ta tura Auta koyon waƙa, sannan ta zare batiran rimot ta jefa a jakarta.

Makaniki ya ɗosana a bakin doguwar kujera, Amarya ta koma can ƙarshe tana kallon bango. A cikin fim miji da mata suka yi kaca-kaca, suka shiga ɗaki, ƙofa ta rufe. Dattijo ya yi gyaran murya ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ya buga rimot a tafin hannu, ya ɗaga shi sama, ya matso da shi kusa.

"Kai, ba gyara ne aikinka ba? Duba mini!"

Makaniki ya buɗe bayan rimot ya ga wayam. Ya ɗago, idonsa ya faɗa cikin na Mama.

"Baba, wannan sai an kai shago," ya ce.

Maɓallin jikin talabijin ya daɗe da mutuwa, soket kuma yana bayan kabad ɗin da Dattijo ya tura da hannunsa don kada yara su taɓa. Sai ya zabura ya tsaya a gaban akwatin, ya juya masa baya, ya baza kwat ɗinsa ta Lahadi da hannu biyu kamar mai shanya. Hoto dai ya rufe, amma murya ba ta san kwat ba.

"Na yi kuskure," in ji mijin cikin fim. "Ke ma kin san ba ki kyauta ba. Amma na fi son ki a kan in ci gardama."

Matar ta yi kuka, ta yi dariya, daga nan aka fara wani ɗan sauti da ba na magana ba. Dattijo ya ɗauko waƙar yabo iya ƙarfinsa.

"Baba, don Allah matsa," in ji Amarya.

"Abin da ke bayana bai dace da gidan masu bi ba!"

"To tunda ka rufe na wancan, gaya musu yadda kai kake yi," in ji Mama.

"Maman yara!"

"Ai ka fi shi iyawa. Shi a tsaye ya ba da haƙuri. Kai har ƙasa kake zuwa ka riƙe mini ƙafa, gwiwarka tana ƙara."

Makaniki ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Gumi ya keto wa Dattijo. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga 'yarsa tana kallonsa, hawaye cike da idonta. Mama ta ga hannuwansa sun sauko a hankali. A bayansa ma'auratan suna rungume da juna a fili, ba wanda ya ko kalle su.

"Gwiwar hagu ake fara sawa," ya ce wa surukinsa, murya ƙasa-ƙasa. "Kuma kada ka tsaya bayani, bayani ne ke ɓata abin." Ya juya wurin Amarya. "Ke kuma, uwarki ba ta taɓa bari na daɗe a ƙasa ba."

Nan take Makaniki ya zame daga kujera ya kai gwiwar hagu.

"Ba a nan ba!" Dattijo ya daka tsawa. "Ba ku da gida ne?"

Amarya ta ɗago mijinta tana dariya tana share ido. Shi ya ɗauki akwatin kayanta.

Da falo ya rage su biyu, Mama ta zaro batiran ta ajiye a hannun kujerarsa. Ya harare ta, ya saka su, ya mai da fim ɗin baya daidai inda ƙofa ta rufe.

"Don in san abin da zan tsallake wa Auta ne," ya ce.

"Na sani," in ji Mama.

Ta matsa masa wuri a doguwar kujera. Ya taso ya zauna kusa da ita, ya bar rimot ɗin a can.