Tafiyata da Yaya Tabawa Zuwa Kwazazzabon Jan Dutse

Shekaranjiya bayan azahar na kishingiɗa a zaure, barci ya sace ni, sai na yi wani mafarki.

Na gan ni ina tuƙa wata tsohuwar a-kori-kura a tsakiyar hamada. A gefena Yaya Tabawa ce, wadda ta goya ni bayan rasuwar Innarmu. A zahiri yanar ido ta rufe mata ido biyu. Likita ya ce aikin ɗan lokaci ne, amma ta ƙi, ta shige ɗaki ta rage magana. Shekara ashirin na yi ina jan babbar mota, duk dawowata daga arewa sai na ba ta labarin kwazazzabai masu jan dutse, in ce wata rana zan kai ta. Ban kai ta ba. A mafarkin ma idon nata a rufe yake.

Muka iso wani shinge. Damo ne ke tsaronsa, yana zaune a benci sanye da hular sanyi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwazazzabo za mu."

Ya leƙo cikin motar. "A nan mota ba ta shan mai, hira take sha. Kun taho da isasshiya?"

Na dubi Yaya. Ta juya fuska wajen taga.

"Za mu lallaɓa," in ji ni. Ya ɗaga shingen da wutsiya.

Titi ya gangara tsakanin bangayen dutse biyu, jajaye jawur, in ka ce za ka hango ƙarshensu sai hularka ta faɗi. Na kama surutu ni kaɗai, daga labarin facin taya zuwa na shayin tasha. Motar na tari tana ɗingishi. Da labaraina suka ƙare ta tsaya cak. Rana ta sauko a hankali ta zauna a bayan motar, tayoyi suka fara narkewa kamar man shanu.

"Yaya, ki taimaka, ko da kalma biyu ce."

Can ta ce, "Nomau, ka tuna ranar da ka haɗiye ɗan kunnena?"

"Ni?"

"Kana shekara uku. Kwana biyu na yi ina gadinka a bayan gida."

Ta fashe da dariya. Motar ta zabura har rana ta faɗo ƙasa ta mirgina. Daga nan Yaya ba ta sake yin shiru ba, muka yi ta sheƙa gudu. Raƙuma na kiwo a jikin bango a gicciye, babu wanda ya zame. Wani dutse mai siffar bakin ƙofa ya ɗaga ƙafa muka wuce ta ƙarƙashinsa. Ina gani ina faɗa mata, tana cewa, "Kai dai ba ka rabu da ƙari ba."

Sai titin ya ce ya gaji. Ya naɗe kansa kamar tabarma ya jingina da dutse. Muka sauka, muka kama tafiyar ƙafa.

A ƙasar nan in kana son hawa sama, gangarawa ake yi. Na riƙe hannunta muka yi ta gangara, ƙasa na ta yin nisa a ƙarƙashinmu. Muka shiga wani lungu matsattse inda amsa-kuwwa ke riga mai magana. Na ji muryata daga dutse tana cewa, "Yi a hankali, akwai tsakuwa," sannan dole na buɗe baki na faɗa.

Sai muryar Yaya ta fito daga dutsen, alhali bakinta a rufe yake.

"Tsoro nake ji. Yanzu ina ganin haske-haske. In likitoci suka taɓa, shi ma ya tafi fa?"

Ta tsaya. Ta daɗe kafin ta maimaita da bakinta, kalma bayan kalma. Na saurara in ji amsar da zan ba ta, dutsen bai ce komai da muryata ba. Sai na ƙara damƙe hannunta muka ci gaba.

A ƙoli muka tarar da wata tsohuwa tsaye kan turmi, riƙe da dogon ludayi, tana kwashe wani farin abu daga sama tana zubawa a ƙwarya.

"Sannu da aiki, Iya," in ji Yaya. "Me ake kwasa? Ina jin motsin ludayi."

"Yana ce, 'yar nan. Sama ma in ta huce takan yi yana kamar kunu. Kullum sai na kwashe."

"Da zafi?"

"Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba."

Yaya ta matsa, ta ɗaga fuskarta. Tsohuwar ta duba da kyau ta ce, "Taki ba ta kai ta jiya kauri ba. Amma ni sama kaɗai na iya. Masu yin taki suna nan, ke ce ba ki je ba."

Ta kai ludayi ta yi ɗauka guda, sai ga kwazazzabon gaba ɗaya ya buɗe a gabanmu. Ja, ruwan goro, har da wani launi da ban san sunansa ba. Can ƙasa ga koren kogi yana tafiya da baya, dabinai na biye da shi.

Na soma, "Yaya, can hagu akwai wani..."

Ta toshe mini baki da tafin hannu. "Ya isa. Kada ka cinye mini duka. Bar mini saura, zan dawo in gani da kaina."

Ta saki hannuna, ta gyara ɗaurin zani, ta shige gaba, ni ne ma ke bin ta a baya ina haki.

Ƙwam! Ƙwam! Na buɗe ido. Maƙwabcina ne a kan rufin ɗakinsa yana buga ƙusa a kwano. Na tashi zaune na laluba takalmina don in je wajen Yaya.