Ajiyar Malamai a Wayar Malam Ibram

Mijina Malam Ibram ya rasu ranar Juma'a da hantsi, ciwon ƙoda. Da ya kai Asabar, da wannan labarin bai faru ba.

Malam yana koyar da lissafi a wata firamare da ke kan hanyar Dagona, mu kuma muna zaune a Gashuwa. Shekarun baya ya buɗe guruf a Watsaf, ya sa masa suna Malaman Bakin Kogi. Da farko su kaɗan ne, abokansa na makaranta. Daga baya abin ya cika, malaman firamare tun daga Nguru har Gashuwa, da na ƙauyukan Karasuwa waɗanda sai sun hau tudu suke samun sabis. Wanda darasi ya gagare shi ya tambaya, wanda ya iya ya amsa. Wani ya ɗauki bidiyon yadda yake koyarwa ya turo, a gyara masa ko a ɗauki nasa.

Shi Malam a bangon tsakar gidanmu yake yin nasa, da gawayi. Ni Meram ni ke riƙe wayar. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma hannuna ba ya rawa. Idan zai koyar da rabi da kwata sai ya ɗauko bandar kifi daga kwandona ya kakkarya, in yi ta mita, mitar ta shiga bidiyon. Kusan kowane bidiyo akwai muryata ina cewa, "Malam ka matsa, kanka ya fita." Har malaman suka sa mini suna Mai Riƙon Waya.

Yawancinsu wayoyinsu ba su da wuri. Kullum Malam yana ce musu, "Ku turo, in kun gama kallo ku goge naku, yana wurina. Duk ranar da kuke so ku yi magana." Ya sayi babbar waya da katin ajiya saboda wannan kaɗai.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Mutanen Nguru da na Gashuwa ba sa zama wuri ɗaya ba musu. A fara da darasi, a ƙare da kifin wa ya fi girma. Na Nguru su ce jirgin ƙasa a garinsu ya tsaya, na Gashuwa su ce ai gajiya ya yi da su shi ya sa bai sake dawowa ba. Sai Malam ya yi doka. Duk Alhamis da yamma yana kulle guruf ɗin, ba mai iya tura komai sai shi, kowa ya huta. Asabar da safe ya buɗe da darasin mako. Shi kaɗai ne mai ikon kullewa da buɗewa, don ya ce idan ya ba wa Nguru, Gashuwa za ta yi fushi.

Ya kulle ranar Alhamis daga kan gadon asibiti. Juma'a ya tafi.

Yayansa Yuguda, mai sayar da hatsi a kasuwar Nguru, shi ya karɓi ragamar komai. Ba mugun mutum ba ne, tsoron dukiyar marayu ne da shi kamar tsoron wuta. Ya tattara riguna da takalma da agogo da wayar, ya zuba a akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya ɗora a mota zuwa Nguru. Ya ce ba mai taɓa ko allura sai ranar sadakar arba'in, a ranar za a raba gado. Wayar kuma tun da ba ta yankuwa, sayarwa za a yi. Akwai mai gyaran waya kusa da rumfarsa, zai wanke ta tas kamar sabuwa.

Na ce, "Yaya, akwai aikin mutane a ciki."

Ya ce, "Hira ce ta 'yan boko. Ke kina takaba, me ya haɗa ki da waya? Ki yi masa addu'a."

Na ƙyale shi. Ina takaba, ba ni da fita.

Ranar sadakar uku wani abu ya faru a gabana wanda ban ɗauke shi komai ba sai daga baya. Wani masunci daga Dagona ya zo ya ce ya bar komarsa ta kamun kifi a ɗakin Malam tun damina. Yuguda bai yi musu ba. Da kansa ya shiga ya ɗauko ya miƙa masa, yana cewa ajiya ba gado ba ce, ita ake fara fitarwa kafin a raba komai.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Wata yamma Malama Winifred ta shigo gaishe ni. 'Yar Binuwai ce, amma ta daɗe tana koyarwa a Gashuwa, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ta zauna a tabarma ta cire takalmi, ta ce, "Maman Rahima, guruf ɗin mijinki yana mutuwa."

Na ce ai sai su buɗe wani.

Ta yi dariyar takaici. "Mun buɗe. Ni na buɗe na Gashuwa, Malam Muhammad Auwal ya buɗe na Nguru, kowa ya ce nasa ne na gaskiya. Na ƙauye kuma sun ƙi shiga ko ɗaya, sun ce ba su san lambar ba, ƙila 'yan damfara ne. Kuma ko sun shiga me za su tarar? Darussan duk suna wayar Malam. Akwai wata yarinya Sakinatu, sabuwar malama a ƙauyen Karasuwa, ita kaɗai ce da 'yan aji shida, jarrabawa ta matso. Jiya ta kira ni tana kuka."

Na tambaye ta saura nawa arba'in. Ta ce ai ta kusa.

Ina kallon bangon. Ban bari an goge ba, rubutun gawayinsa na ƙarshe yana nan, kifi an raba shi huɗu. Sai komar masuncin nan ta faɗo mini a rai. Na ce, "Malama, ba cewa yake ku goge naku, yana wurinsa ba?"

"Kullum."

"To ai ajiya kuka ba shi."

Ta dube ni, na dube ta. Na ce ta danna mini wurin ɗaukar murya a wayarta. Ban shirya magana ba. Na ce, "Salamu alaikum, ni ce Mai Riƙon Waya, matar marigayi. Ranar arba'in za a raba kayansa, za a wanke wayar a sayar. Duk wanda ya san ya ba Malam ajiyar darasi, ya zo ƙofar gidanmu ya faɗa da bakinsa. Ni ba ni da fita, ku kuna da ita." Daga nan kuka ya ci ƙarfina, shi ma ya shiga. Winifred ta ce a sake, na ce a bar shi haka. Ta tura wa na Gashuwa, ta haɗiye fushinta ta tura wa Muhammad Auwal, shi kuma ya bi na ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Lambar ba su sani ba, amma muryar da ke cewa Malam ya matsa kowa ya san ta.

Ranar arba'in ina ɗaki da mata, maza suna waje ƙarƙashin rumfa. Tagata tana kallon ƙofar gida, ina jin komai. Tun da safe nake jin ƙarar babura da Keke Napep suna tsayawa, har 'yata Rahima ta leƙa ta dawo ta ce layinmu ya cika, an fara ajiye babura a bakin masallaci. Waina ta ƙare, aka ɗora wata tukunyar shinkafa. Yuguda yana ta tambaya, "Waɗannan duk danginmu ne?"

Da aka shafa addu'a, ya miƙe ya yi sanarwar da aka saba, ya ce duk wanda yake da hakki ko ajiya a wurin marigayi ya yi magana yanzu kafin a buɗe akwatin da ya dawo da shi daga Nguru. Ya faɗa ne yana shirin zama.

Muhammad Auwal ya ce, "Ina da ajiya, Alhaji."

"Ta me?"

"Darasin auna fili da igiya. Na ɗauka a gonar shinkafa da yarana, na ba shi ya ajiye."

Wani ya ce shi ma yana da ita, darasin ruwa da tururi. Wani ya ce nasa na haruffa ne da yaren Bade. Suna ta miƙewa, wannan bai gama ba wancan ya fara. Daga cikin gida matan suka matsa bakin zaure, Winifred tana gaba. Sakinatu, siririya da ita, ƙafarta duk laka don ta kwale-kwale ta fara tahowa, ta ɗaga murya ta ce nata waƙar koyon jadawalin sau ce, tsohuwar wayarta ta faɗa kogi, babu shi ko'ina a duniya sai wurin Malam.

Yuguda ya ce, "Jama'a, ni na san ajiyar buhun gero. Wannan da wane mudu ake auna ta?"

Wani ɗan Gashuwa ya ce, "Da mudun Nguru, Alhaji, don ya fi ƙanƙanta, mu samu da yawa."

Aka kwashe da dariya a wurin sadaka, har liman ya yi gyaran murya. Liman Dunoma tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya ce a yi shiru. Ya tambayi Muhammad Auwal, "Abin da kuka tura masa, kyauta kuka ba shi ko cewa ya yi zai riƙe muku?"

"Cewa yake mu goge namu, yana wurinsa, duk ranar da muke so mu karɓa."

"Wa ya shaida?"

Kusan duk rumfar ta amsa. Na ji Yuguda yana salati a hankali. Liman ya ce, "To Yuguda, jikin wayar na marayu ne. Abin da ke cikinta na masu shi ne. Idan ka wanke, ka wanke da hakkin mutane, kuma ɗan'uwanka ne zai amsa tambaya."

Yuguda ya nufi akwatin. Na ji ƙarar kwaɗon. Sai kuma aka tsaya cirko-cirko, don wayar ba caji, aka aika maƙwabta aka jona ta a sola. Da ta kawo, ta nemi zanen da ake buɗe ta da shi. Malaman suka yi ta gwadawa, ta ƙi. Winifred ta ce, "Ku kawo, mai ita tana ciki."

Ta shigo ta ɗora mini a tafin hannu. Gefen da ya tsage yana nan, inda ta taɓa suɓuce mini garin korar akuya. Hoton Malam ne a fuskarta, da hularsa a karkace. Na daɗe ban iya motsa yatsa ba. Sannan na ja zanen da na saba ja duk Asabar, ta buɗe.

Winifred ta nuna mini inda zan danna, na buɗe guruf ɗin. A waje wayoyi suka fara ƙara lokaci ɗaya kamar kwaɗi bayan ruwa. Wani ya yi kabbara, matan da ke bakin zaure suka manta da sadaka ake suka fara guɗa, wata tsohuwa ta tsawatar, ita ma tana share hawaye.

Winifred ta ce, "Yanzu wa za a ba ikon kullewa da buɗewa? Ki faɗa, kowa zai ji."

Na ce a sa ta, a sa Muhammad Auwal, a sa Sakinatu a tsakaninsu don idan sun fara musun kifi ta kulle su duka biyun. Aka isar da maganar waje, Muhammad Auwal ya ɗaga murya ya ce, "Ya Meram, an yarda, amma a shaida kifinmu ya fi!" Aka sake dariya.

Har la'asar suna kwashe darussan, waya zuwa waya, kati zuwa kati, yadda ba za su sake zama a hannun mutum ɗaya ba. Sakinatu ta sami waƙarta. Ta zo ta durƙusa a gabana ta kunna mini, yaranta suna rerawa, can ƙasa-ƙasa ana jin iskar ƙauye.

Da aka zo rabon, Yuguda ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba. Ya ce, "Meram, an yi wa wayar kuɗi, na sa ta cikin tumuninki na gado. Idan ba kya so a canza."

Na ce ina so.

Sannan ya ce, "Wai akwai wanda yake karya kifi a ciki? A turo mini in gani." Tun rasuwar, ranar na fara jin muryarsa ta karye.

Yaran Sakinatu sun zauna jarrabawa, da yawansu suna sakandare yanzu. Guruf ɗin ya fi da cika, har daga Jakusko ana shiga. Ana kulle shi Alhamis, ana buɗewa Asabar, kamar yadda ya bari.

Da na fita takaba malaman suka ce bangon gidanmu suka saba gani, ba sa son wani. Yanzu duk mako wani yana zuwa da gawayinsa. Kusurwar da kifin Malam yake na ce a bar mini ita, sauran bangon nasu ne. Makon jiya Muhammad Auwal ne ya taho tun daga Nguru, dogo ne sosai, yana fara magana na ce masa ya matsa, kansa ya fita.