Guzurin Maame Dufie

Buhun shinkafa biyu da jarkar man girki suna jibge a tsakar gida, dab da gadon da aka kwantar da gawar Maame Dufie, kamar mai kura ya yi ɓatan gida ya sauke su. Duk wanda ya shigo cikin tufafin makoki baƙi da ja sai ya dube su, ya dubi Ntim, sannan ya kawar da kai.

Ntim surukin gidan ne, mijin Afrakoma, autar mamaciyar. Ma'aikacin ƙididdiga ne a Kumasi, aikinsa raba tattalin arzikin ƙasa gida-gida: wannan noma, wannan masana'antu, wannan hidima. Abin da jama'a ke saya ma yakan raba shi, na dole daban, na marmari daban. Ba laifi, da aikin yake ci. Matsalar ita ce bawan Allahn nan bai iya barin aiki a ofis ba. Tun da sidi, kuɗin Ghana, ya fara faɗuwa ya shigo da rabon cikin gida: garin masarar tuwon dokunu da kifi da kuɗin makaranta dole ne, kitson Afrakoma da lemon ranar Lahadi kuwa marmari. Har gidan rediyo ya taɓa zuwa ya ce jana'iza ce ke cinye ƙasar Asante. Mu da muke unguwa ɗaya muka ji, muka ce to, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar kuwa ta zo. Kowa ya san abin da suruki ke kawowa da safiyar binnewa: guzurin mai tafiya. Zane, bargo, matashi, hankici, zobe, a jera a faranti, a nuna wa jama'a ɗaya bayan ɗaya kafin a sa a akwatin gawa. Da shi ake auna darajar 'yar gida a gidan mijinta. Gwaggonsa ta ja masa kunne tun a Kumasi, ya ce gawa ba ta jin sanyi, masu rai ne ke jin yunwa. Afrakoma kuwa ta riga shi zuwa garinsu Mampong don shirye-shirye, da ta tambaye shi a waya ya ce ta kwantar da hankalinta, ya gama komai. Ita ma ta yarda.

Anti Birago ce mai sanarwa, matar da bakinta ya fi reza. Ta fara da babban suruki, Amoako, direban motar haya, ta ɗaga bargonsa sama tana koɗa shi har mata suka yi guɗa cikin kuka. Da aka zo kan Ntim sai ta zagaya buhunan a hankali, ta ɗan taɓa ɗaya da ƙafa, ta kai makirufo baki.

"Jama'a, surukinmu na Kumasi, mai ilimi, ya ce Maame ta tsaya a hanya ta ɗora tukunya." Ta juyo gare shi. "Suruki, gawayin fa? Ko a can za ta saya?"

Dariya ta ɓarke, har da masu hawaye a fuska. Kawu Agyekum, ƙanen mamaciyar kuma babban dangi, bai yi dariya ba. Ya gyara zanensa a kafaɗa, ya ce a hankali, "Suruki, mun ga na masu rai, mun gode. Ina na 'yar'uwata?"

Ntim ya buɗe baki zai yi bayani. Duk hujjojin da ya tanada a mota suna nan a bakinsa. Sai a lokacin ya lura ba shi ake kallo ba. Matarsa ake kallo. Yayyenta sun sunkuyar da kai, wata tsohuwa tana faɗa ba tare da ta rage murya ba cewa autar da aka fi so ce ta bar uwarta ta tafi hannu rabbana. Irin wannan gori a Mampong ba ya mutuwa, har jikoki akan yi wa. Kunya ta rufe shi, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Afrakoma ta miƙe, ta shiga ɗakin uwarta. Da ta fito, faranti ne a kanta, a kansa zanen kente mai ruwan zinariya da kore, a ninke. Ntim ya gane shi nan take. Shi ne wanda danginsa suka kawo ranar da aka ba shi ita, tun lokacin yana ajiye a akwatin kayan tsohuwar.

Ta rusuna gaban Anti Birago. "Anti, maigidana ya bar shi a mota ne. Shinkafar ta baƙi ce."

Babu tsohuwar da ke wurin da ba ta san zanen ba, wasunsu ma su suka ɗaura wa Afrakoma shi ranar aurenta. Amma ba wadda ta tona asiri. Anti Birago ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta warware kenten, ta ɗaga shi sama, ta sanar da shi da sunan Ntim, ta yi masa kirarin da ya fi na Amoako. Aka tafa. Yana tsaye yana kallo aka shimfiɗa zanen a kan ƙafafun tsohuwar, aka rufe akwati.

Bayan an dawo daga maƙabarta dangin mamaciya suka yi layi, kamar yadda aka saba, suna bin baƙi daga dama zuwa hagu suna godiya. Ntim yana zaune a ƙarƙashin rumfa, ba damar tashi. Kawu Agyekum ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce ya yi abin da ɗa ke yi. Yayyen Afrakoma suka zo, kowacce ta gode masa saboda kenten, shi kuma dole ya amsa wa kowacce.

Afrakoma ce ta ƙarshe a layin. Ta miƙa masa hannu yadda ta miƙa wa na kusa da shi, idonta a kan kujera ta gaba.

"Mun gode, maigida," ta ce, ta wuce.