Igiya a Hannun Pak Embong

Mak Lijah tana matse ruwa daga katifa a bakin ƙofar mota sai ta ji tsani ya daki ƙarfe. Ta leƙa. Mijinta, Pak Embong, ya jingina tsanin da jikin motar, ya tattare zanensa ya ɗaure tam a ƙugu, ya soke sifana a ciki. Takalmansa suna gefe a kan yashi, a jere, yadda yake ajiye su a gindin kwakwa shekarun baya.

"Abang, maigida, ina zuwa?"

"Zan sauke farantin solar nan. Ba a liƙe rufi da shi a kai."

"Da wa za ka sauke shi? Da aljanu?"

"Da hannuna biyu. Koma ki ji da katifarki."

Motar tsohuwar bas ce ta 'yan makaranta. Sun cire kujerun, sun sa gado da murhun gas da tankin ruwa, shekara huɗu ke nan suna bin gaɓar teku daga Dungun zuwa Besut, duk inda suka sami inuwa da masallaci kusa nan ne gida. Mak Lijah ba ta taɓa jin daɗin zama irin wannan ba. 'Yarsu Rosnani dai ba ta so. Da ta ga ba za su ji ba, sai ta kafa sharaɗi: ranar da ɗayansu ya faɗi, makullin mota ya koma jakarta, su kuma su tare a ɗakin bayan gidanta a Kuantan, mai taga ɗaya da ke kallon bango.

Bara ne Kamarul, mai gyaran wutar mota a Marang, ya ɗora musu farantin sola don fanka da ɗan firji. Ya huda rufin wuri takwas, ya ɗan shafa gam kamar mai shafa wa burodi man da aka ba shi aro, ya ce ko teku ce ta hau ba za ta shiga ba. Jiya da la'asar ruwan farko ya sauka, bai zaɓi ko'ina ba sai gefen da take kwanciya. Babbar damina kuwa saura kwana goma.

Pak Embong ya taka matakin farko. Ya taka na biyu. Shekararsa saba'in da shida, arba'in daga ciki a kan bishiyar kwakwa ya yi su, yana sara wurin taka ƙafa da adda yana hawa. Sauran maza suna kiwon biri, su ɗaure shi da doguwar igiya su tura shi sama suna masa tsawa daga ƙasa. Shi kuwa dariya yake musu, yana cewa namijin da ya tura biri aikinsa ya zama yaron biri.

A mataki na uku ya tsaya. Ƙafarsa ta hagu ta fara rawa, tsanin yana ƙara a hankali. Ya riƙe gam da hannu biyu, ya juya kai wajen teku kamar akwai jirgin da yake jira.

Mak Lijah ta gani. Ta kuma san mutumin da ta aura. Idan ta ce masa ya tsufa, zai hau har ƙarshe don ya ƙaryata ta, rufin kuwa jiƙe yake, santsi kamar bayan kifi, ba wurin da adda ta sara. Ta jefar da katifar, ta kama ƙugu.

"Sauko min nan! Wallahi idan ka taɓa noti ɗaya ni da kai ne!"

"Lijah, ni fa..."

"Ka taɓa, gobe wancan mai tumbin ya ce kai ka ɓata masa aiki? Shi ya huda, shi zai cire, shi zai liƙe, idona na kallonsa. Ba zai jiƙa min katifa yana can yana shan shayi ba. Kai kullum sai ka ɗauke wa mutane laifinsu. Sauko!"

Ya ɗan jima. Sannan ya sauko, mataki ɗaya, ya huta, mataki ɗaya.

"Don dai kada ki tara mana jama'a," in ji shi.

Ta kwantar da tsanin, ta tura shi ƙarƙashin mota, ta gyara mayafi, ta kwance ƙaramin baburinsu daga bayan motar ta hau.

Ba ta nufi gareji ba. Ta san da hantsi Kamarul yana shagon shayi na bakin gada. Nan ta same shi cikin abokansa, ya buɗe ƙunshin shinkafa da kifi a ganyen ayaba, ya kai loma ta biyu. Ta ɗaga rigar matashin kai da ta taho da ita, ta matse a kan teburin. Ruwa ya gangara har gindin kofinsa.

"Mak Cik! Lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Tekun da ka ce ba za ta shiga ba na kawo maka, ka gaisa da ita."

Abokan suka kwashe da dariya. Kamarul ya goge hannu, yana yaƙe.

"Mak Cik, gam ne, rana ke cinye shi. Gobe Juma'a, jibi Asabar, a rufe muke. Ki bari Lahadi."

"Lahadi? Ruwan ya ce maka zai je sallar Juma'a ne? Ni ban yi makaranta ba, ban san sunan wayoyinka ba, amma na san rami idan na gan shi. Takwas ka yi. Mijina yana can ya jingina tsani. Idan ya hau ya faɗo, a ƙofar garejinka zan shimfiɗa tabarma, duk mai mota da ya zo ni zan fara yi masa sannu da zuwa."

Mai shayi ya ce, "Tashi ka bi ta, Kamarul. Wannan idan ta zauna a nan, ni ma kasuwata ta tashi."

Ta tsaya a kan Kamarul har ya naɗe sauran shinkafar. Ta sa shi gaba, motarsa a gaba, baburinta a baya, tana danna masa oda duk inda ya rage gudu.

Da suka iso, Pak Embong yana zaune a kujerar roba. Tsanin yana inda ta bar shi. Ta lura, ta jawo shi ta ba Kamarul.

Kamarul ya hau yana nishi, ya cire wayoyi, ya kwance notuna, ya kankare gam. Sai ya ɗaga gefen farantin ya tsaya. Abin ya kai ƙyauren ɗaki, iskar teku kuma ta fara kaɗawa, tana neman ta kwashe shi da farantin gaba ɗaya. Ya durƙusa, ya leƙo ƙasa, fuskarsa duk gumi.

"Pak Cik, da muka ɗora shi mu uku ne. Ko za ka hau tsani in miƙo maka?"

Mak Lijah ta buɗe baki, amma mijinta ya riga ta.

"Kada ka miƙo komai. Kwantar da shi. Na ce kwantar!"

Ya tashi ya shiga mota, ya fito da tsohuwar igiyarsa, wadda yake zuro nonon kwakwa ɗanya da ita don kada ta fashe a ƙasa. Shekara tara ba a warware ta ba. Ya dubi reshen bishiyar da suka fake a ƙarƙashinta, ya ɗaura dutse a bakin igiyar, ya jefa. Ya kuskure. Ya sake, igiyar ta haye reshen ta sauko daidai kan rufin.

"Zagaya ta ta tsawo. Yanzu ta faɗi. Ba haka ba, kai! Wannan ɗaurin ai na buhun gawayi ne. Kwance. Shigar ta ƙasa, ja. Yawwa."

"Zai riƙe kuwa, Pak Cik?"

"Ya riƙe abin da ya fi ka nauyi. A'a, kada in yi ƙarya, wanda ya kusa kai ka."

Ya naɗa ɗaya bakin a jikin bishiyar sau biyu, ya kafa ƙafafu a yashi. A yashi ba su yi rawa ba. Kamarul ya tura farantin ya bar rufi, ya yi lilo sau ɗaya, Pak Embong yana sakin igiya kaɗan kaɗan ta cikin tafinsa, yana ba da umarni sama. Hagu. Tsaya. Saki. Farantin ya sauka a kan katifar da ke shanye, ko ƙara bai yi ba.

Har azahar Kamarul yana sama yana liƙe ramuka. Mak Lijah ta sa ya zuba bokiti uku a kan rufin, ita tana ciki ta ɗaga kai tana jiran ɗigo. Babu. Sai a lokacin ta soya masa ayaba, ta haɗa shayi mai kauri, ta ce ya ci da kyau, bayan damina zai dawo ya mayar da farantin, kuma wannan karon da gam na mutane.

Da ya tafi, wayar Pak Embong ta yi ƙara. Rosnani ce.

"Baba, an ce an yi ruwa wajenku. Ba dai hawa kake yi ba ko?"

"Ni? Ina ƙasa tun safe. Tambayi uwarki."

"Yana ƙasa," in ji Mak Lijah da ƙarfi daga bakin murhu. "Sai tsawa yake wa mutane."

Ya ajiye wayar, ya zauna yana naɗe igiyar a gwiwar hannu, a hankali. Ta kawo masa shayinsa ta zauna kusa. Iska tana kaɗa labulen motar.

"Lijah."

"Na'am."

"Ashe masu birin nan ba wawaye ba ne."

Ta kurɓi shayi, tana kallon teku.

"Tsanin nan," in ji shi, "yana cinye mana wuri a mota. Idan mun bi ta Marang, a ajiye wa Kamarul."

"Ya dai zo ya ɗauka da kansa," ta ce. "Ba zan kai masa komai ba."