Mai Igiya na Wustul Balad

Ya'ƙub ne ya ciro Gideon daga ramin lif, ranar wata Talata, a wani tsohon bene da ke Wustul Balad, wato unguwar tsakiyar birni.

Ya'ƙub shara yake yi a benen. Gideon kuwa ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya ne, ya zo ganin likitan haƙori. Ya ja ƙofar lif, na'urar hawa bene, ya sa ƙafa, ashe lif ɗin na can sama. Ya zurma cikin ruwa da baƙin mai. Mutane suka taru suna surutu, ba mai yin komai. Ya'ƙub ya ji ana kururuwa da Hausa daga ƙasa. Shekara talatin ya yi yana haƙar rijiya a Maiwurno ta ƙasar Sudan, garin da ake jin Hausa, kafin yaƙi ya koro shi. Ya kwanto igiyar da ake jan kaya da ita, ya fara jefa tsummokaran goge-goge.

"Cusa su a hammata kafin ka ɗaura," in ji shi. "In ba haka ba igiya ta yanka ka."

Mutum biyar suka ja, Gideon ya fito da karyayyiyar ƙafa. Kafin motar asibiti ta iso, Ya'ƙub ya sulale ta ƙofar baya. Ya san inda motar asibiti ta tsaya ɗan sanda na tafe, shi kuwa takardar zamansa ta mutu wata bakwai da suka wuce. Bai sake komawa aikin ba.

Bayan mako uku, da hantsi, 'yarsa Tagwa ta leƙa ta tagar ɗakinsu a unguwar Ainu Shams, ta janye kai da sauri.

"Baba, wata baƙar mota ta tsaya. Suna tambayar ɗan Sudan mai igiya."

Ya'ƙub ya miƙe. Haka aka tare maƙwabcinsu Fadl a bakin tashar jirgin metro, aka ce ya nuna takarda, har yau matarsa ba ta san inda yake ba. Ya'ƙub ya tura Tagwa da jaririyarta banɗaki. Ya ji taku a matakala, ɗaya mai nauyi, ɗaya na ƙarfe. Ya ƙirga hawa huɗu, yana salati a zuci. Aka ƙwanƙwasa.

Gideon ne, da sandar guragu, yana haki yana dariya.

"Baba, ka wahalar da ni. Mai gadin benen sai da na roƙe shi kwana uku."

Ya'ƙub bai yi dariya ba. In wannan mai ƙafa ɗaya ya samo shi, kowa ma zai iya. Ya ba shi kujera, shi ya tsaya kusa da ƙofa.

"Ka san abin da ka yi yana cikin littafinmu mai tsarki?" in ji Gideon. "Tun zamanin Bani Isra'ila. An jefa wani annabi a rijiya mai laka. Wani bawan fada, baƙin mutum daga wajen ƙasarku, ya roƙi sarki, ya je da igiya. Shi ma tsummokara ya fara jefawa."

"Ya san aiki," in ji Ya'ƙub.

"Ebed-melek ake kiransa. Da Ibrananci ke nan, bawan sarki."

"Abdul malik ke nan da Larabci," in ji Ya'ƙub.

"Tamam, haka ne. To fastonmu ya ce wasu masana na ganin ba ma sunansa ba ne, aikinsa ne kawai. Sunan da uwarsa ta raɗa masa ya ɓata. Abin ya tsaya mini a rai. Ni ba zan bari naka ya ɓata ba."

Ya bayyana abin da ya shirya. Ranar Lahadi zai yi godiya a coci, kamar yadda ake yi a gida in Allah ya tsirar da mutum. Zai tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, ya kira Ya'ƙub ya fito. Za a ɗauki bidiyo. Ya gayyaci manyan ofis, har da wani jami'in 'yan sanda abokinsa, da wata 'yar jarida.

A banɗaki jaririya ta fara ƙaramin kuka, aka toshe mata baki da nono.

"Ni Musulmi ne, yallaɓai."

"Ma'alish, ba komai, ba wanda zai sa ka waƙa. Minti biyar ne."

"Ba ni da takarda."

Gideon ya kaɗa hannu. "Ni zan tsaya maka."

"Kai ɗan Najeriya ne, ni ɗan Sudan. Katinka na ofis kai kaɗai ya rufe. In an tashi coci za ka shiga baƙar mota. Ni metro zan shiga, da fuskata a wayar kowa."

Gideon ya juya sandarsa. A ƙasa direbansa ya danna oda, kuma Ya'ƙub ya san duk layin sun fito baranda suna kallon motar, suna lissafa ƙofar da baƙon ya shiga.

"To ko sunanka kaɗai in faɗa," in ji Gideon. "Cikakke, da na mahaifinka. Na riga na yi wa Allah alkawari, Baba."

Ya'ƙub ya buɗe ƙofa.

"Ba zan je ba, kuma ba zan ba ka sunana ba."