Bahaguwar Huhugam

Aikina a ofishin al'ummarmu da ke garin Sakaton shi ne in zauna gaban tsingaro in faɗi zamaninsa. Duk inda aka haƙa hanyar ruwa a bakin kogin Gila sai fasassun tukwanen Huhugam, kakanninmu da suka shuɗe, sun fito, jan zane a kan ƙasa mai haske da ƙyalli-ƙyalli. In zanen siriri ne kamar gashi, na zamanin Santa Kurus ne. In mai kauri ne da aka ja da sakin hannu, na zamanin Sakaton ne. Mai karce a baya kuwa ya girme su duka. In mun gama sai a mayar da su ƙasa, don ba namu ba ne balle mu kai gida.

Ran nan wani ya gagare ni. Bakin kwano ne, bai kai tafin hannu ba, da 'yan rawa riƙe da hannun juna, ƙarƙashinsu layuka a jere. Santa Kurus ne sak, amma idona ya ƙi yarda. Na juya, na juya, har na fara tsaki. Sai da na kara gilashin ƙara girma na gane. Alƙalamin ganyen tsiron yuka, wanda suke zane da shi, yakan bar ja mai kauri inda ya sauka, ya sirance inda ya tashi. To wannan layukansa duk ta ɗaya ɓangaren suka karkata. Na san hannun nan, a gidanmu yake.

Yayata Barlin bahaguwa ce. Kaka ce ta koya mata ginin tukwane, amma har ta rasu tana cewa tun daga Huhugam ba a taɓa yin bahaguwa a sana'ar nan ba, zanenta da baya yake tafiya. Maganar ta zauna wa Yaya a rai. Bayan rasuwar ta ɗaure katakon bugun tukunya da dutsen da ake tokare cikinta da shi a buhu, ta ce ta bari ke nan. Ita ce kuma ta ƙarshe a danginmu, ni ko kasko ban iya ba.

Na same ta tana tsince wake.

"Yaya, tashi mu je ofis."

"Wurin tone-tonen naki? Ni ba na taɓa kayan matattu."

"Wa ya ce ki taɓa? Ido kawai. Jibi za a mayar da shi ƙasa."

"Ke dai Lorinda ba ki da aikin yi. Wakena fa?"

"Waken ƙafa gare shi?"

Ta biyo ni tana mita. A gaban teburin ta tsaya, hannuwa a baya.

"To, 'yan rawa ne. Su na baro wakena in gani?"

"Bi layukan ƙasa."

Ta sunkuya. Mitar ta ɗauke. Can sai na ga hagunta ta fito da kanta, ta tsaya a iska a saman tsingaron, ta ja layi ɗaya, ta ja na biyu. Kowanne ya faɗa kan nasa, ko karkacewa babu.

"Kai!" in ji ta a hankali. "Tun yaushe?"

"Ya haura shekara dubu."

"Kuma ba su fasa mata shi ba?"

"Dubi yadda bakin ya suɗe. An sha ruwa a ciki har ya tsufa."

Wallahi tsoro da daɗi ne suka kama ni lokaci guda. Na yi shekaru ina raba mutanen nan zamani-zamani, ban taɓa jin ɗayarsu ta tsaya kusa da ni haka ba.

Yaya ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ce wa tsingaron, kamar mai gaida maƙwabciya ta kan katanga, "Sannu da aiki."

Ta miƙe ta share ido da bayan hagunta.

"Ashe ba kowa Kaka ta sani ba," ta ce. "Ɗauko makullin mota. Kin dai tuna inda take ɗebo jar ƙasa ko?"